Katunan Babbar Sallah: Yadda Aikin Ke Tafiya a Agege

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Kati 150 nake so in gama kafin Babbar Sallah, kowanne bugun hannu da hatimin roba da tawada. Kusan rabi za su bi ƙullin naman layya zuwa ɗakunan maƙwabta a nan Agege, sauran su tafi Zariya da Funtuwa a jakar masu zuwa gida yin Sallah. Dalilin ba shi da tsawo. Kowace shekara yara ne ke rabon nama, su ƙwanƙwasa ƙofa, su miƙa leda, su ruga. A gidan haya mai ɗakuna rututu irin namu, sau da yawa wanda aka kai wa sai ya fito tsakar gida yana cigiyar wanda ya aiko. Gaisuwar waya kuma kowa ya san ta: hoton ragon nan guda ɗaya, mutum ashirin su turo maka shi tun ba a sauko daga idi ba.

Girman katin na riga na tsayar. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. In aka raba ta biyu an sami A5 guda biyu, in aka ninke kowace an sami kati mai 105 da 148, wanda ke shiga ambulan ɗin C6 mai 114 da 162 ba tare da an matsa shi ba. Falle 75 ke nan a lissafi. Zan sayi fiye da haka, don na san wasu za su lalace.

Sana'ata lalle ce, zane ba ya ba ni tsoro. Sassaƙa ce baƙuwa a wurina. Rubutun zan kai a yi mini a Shomolu, zanen kuma ni zan yanka da hannuna a jikin kilina, wato abin goge fensir.

Talata, 15 ga Afrilu

Danfo daga Agege zuwa Oshodi, wata daga Oshodi zuwa Onipanu a kan titin Ikorodu, sai ƙafa zuwa cikin Shomolu. Wanda bai taɓa shiga unguwar nan ba zai riƙe baki. Kusan kowace ƙofa ko injin buga takarda ne, ko mai yanka, ko mai ɗinke littafi, ko mai sayar da takardar kanta. Kalanda, katin biki, fastar 'yan siyasa, rasit, duk a nan ake haifar su, ga ƙarar janareta ta ko'ina.

Mai takarda da ya ji na ce kati sai ya jawo mini kwali mai sheƙi irin na katin ɗaurin aure. Na ce a'a. An shafe fuskar irin wannan da wani abu mai santsi, tawadar hatimi ba ta samun wurin shiga, sai ta zauna a sama tana jiran yatsan da zai goge ta. Ya kawo takardar Conqueror mai layi-layi a jiki. Tana da daɗin riƙewa, ta dace da wasiƙar ofis, amma ƙananan tudun nan na jikinta suna karya siririn zane. Na tsaya a kan mai laushin fuska marar sheƙi, launin madara, giram 250. Wannan lamba nauyin murabba'in mita ɗaya ce na takardar. Ta hoton kwafi da muka saba da ita giram 70 zuwa 80 ce. Mai 300 ta fi tsayuwa, sai dai ta fi saurin tsagewa a wurin ninki.

Takarda tana da hanya, wato inda zaren jikinta ya kwanta. Ki lanƙwasa falle ta tsawo, ki sake ta faɗi, za ki ji ɓangare ɗaya ya fi biyayya. Ninkin kati ya kamata ya bi wannan hanyar. Na roƙi mai yankan ya duba kafin ya sa babban fallen a ƙarƙashin wuƙar injin. Ya kalle ni ya kalli yaronsa, ya tambaya ko mijina mai buga takarda ne. Na ce masa tumatir yake sayarwa a Mile 12.

Daga nan wurin mai hatimi, wani dattijo Bayarabe a ɗan shagon da bai wuce mutum biyu ba. Yadda yake yi abin kallo ne. Ya tsara rubutun a kwamfuta da manhajar CorelDRAW, ya buga shi a leda mai haske, rubutun fari, kewayensa baƙi ƙirin. Ya zuba wani ruwa mai kauri a kai, ya rufe da gilashi, ya sa a akwatin fitila mai hasken shuɗi. Duk inda hasken ya ratsa sai ruwan ya daskare ya zama roba, inda baƙi ya tare kuma ya zauna ruwa. Ya ciro ya wanke da sabulu da buroshin haƙori, haruffa suka fito tsaye.

Hatimi uku na ba shi: "Barka da Sallah", "Daga maƙwabtanku", da "Allah ya karɓi ibadunmu". Na farko ya wuce lafiya. A na biyu da na uku, salon rubutun da ya zaɓa, mai jela da kwalliya, ya nuna ɗan akwati a gurbin ƙ da ɓ. Ya ce a sa k da waƙafi a sama, ai haka yake yi wa 'yan'uwana. Na ce Baba, in aka cire ɗigon ƙasan harafin Yarbanci za ka yarda? Ya yi dariya ya ce ba zai yarda ba. 'Yata ta rubuta jimlolin a wayarta ta tura masa, muka koma salon Noto Serif da ke da haruffanmu duka. Bai kai na farkon ado ba, amma ƙugiyar ƙ ta fito sarai.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kayan sassaƙa: manyan kilina farare daga masu kayan makaranta a Oshodi, fensir mai laushi 4B, takarda mai shara-shara, da wuƙar fiɗa mai lamba 11, mai tsinin baki, daga kemis. Reza ba ta shiga lungu.

Hatimi yana buga kishiyar abin da ke jikinsa, dama ta koma hagu. Ba sai an wahalar da kai wajen zana abu a juye ba. A zana daidai a takarda mai shara-shara, a danna fensirin sosai, a kifa ta a kan kilina, a goga bayanta da farce. Zanen ya hau a juye da kansa, in an buga ya dawo daidai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwanciyar wuƙa. Ba a yanka a miƙe, ba a kuma shiga ƙarƙashin layi. A kwantar da ita bakinta yana fita daga layin, yadda gindin kowane layi zai fi samansa faɗi. Layin da aka ƙwaƙule gindinsa yana lanƙwashewa da an danna, daga baya ya ɓalle. Kilinar ake juyawa, ba wuƙar ba.

Yau jinjirin wata kawai na yi, da jerin zanko irin na saman soron gidajen birnin Zariya. Zankon ya yi kyau fiye da yadda na zata, don duk miƙaƙƙun layi ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Dagin Arewa. Shi ne zuciyar katin, shi ne kuma ya cinye mini makon nan.

Kowa yana ganinsa a bangon gidaje, a aikin babbar riga, a jikin jakar fata, tun zamanin Sardauna ya zama alamar Arewa, amma sai mutum ya zauna zana shi zai gane cewa bai taɓa kallonsa da kyau ba. Saƙa ce. Igiyar tana hawa kan 'yar'uwarta a mahaɗa ɗaya, a ta gaba ta shige ƙarƙashi, haka har ta zagayo. In ta hau sau biyu a jere, ko wanda bai san dalili ba zai ji wani abu bai zauna ba. Da yawan waɗanda ake bugawa a riguna da bayan motoci sun rasa wannan, layukan kawai aka gitta, ba sama ba ƙasa. Ni wannan ba dagi ba ne a wurina.

A hatimi mai launi ɗaya hanyar nuna saƙar ita ce a yanke ɗan siririn gibi a gefe biyu na igiyar da ta hau. Gibin shi ke gaya wa ido cewa ɗayar ta nutse. In ya yi faɗi, igiyar ta tsinke gunduwa-gunduwa. In ya yi siriri, tawada ta cike shi, saƙa ta ɓace. Kusan milimita ɗaya ya fi zama a girman da nake yi, dagin da bai wuce santimita 4 ba. Kafin in taɓa wuƙa sai na bi mahaɗun da jan biro ina ɗiga wa wadda za ta hau, ina faɗa a baki: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Baban yara ya leƙo ya tambaya ko karatun allo na koma.

Na so in yi babba ta hanyar manna kilina biyu. Layin haɗin yana fitowa a bugu duk yadda aka matse su, saboda haka ƙaramin zai zauna.

Wani abu da ya kamata mai wannan aiki ya sani: farar kilina tana cin roba. In aka bar ta kwance a kan rular roba ko a cikin kwanon roba, bayan 'yan kwanaki sai a tarar sun manne, fuskar ta narke. Nawa ina naɗe kowanne a takarda, suna cikin gwangwanin alewa.

Asabar, 3 ga Mayu

Gwajin tawada. Damina ta kankama, da safe laimar iskar Legas takan haura kashi 80 cikin ɗari, kuma duk abin da masu koyarwa a YouTube ke faɗa game da saurin bushewa, a ɗakunansu na Turai da Amurka suke faɗarsa. Na yanka guntayen takardata na buga dagi da kowace tawada, na yi musu jarrabawa iri ɗaya: goga da babban yatsa bayan ɗan lokaci, taɓawa da jiƙaƙƙen hannu, kwana a bakin taga inda rana ke bugawa, sannan jingina da ledar ɗanyen nama da aka ciro daga firij. Wannan ta ƙarshe ita ce ta gaskiya, don a nan katin zai yi rayuwarsa.

Tawadar ofis, ruwan hodar nan ta soson gwangwani, ita ce mafi arha kuma ana samunta a kowane lungu. Ta bushe da wuri. Da ruwa ya taɓa ta sai ta bazu ta yi shatin shuɗi-shuɗi. Ban da haka, katin da aka buga da ita kamar rasit yake, ko me aka zana.

Tawadar allo na fi so ta yi, don baƙinta yana da kyau kuma tamu ce. Na karɓo kaɗan a makarantar allon bayanmu, ta gawayi da ƙaro. Ba ta kama roba, sai ta dunƙule ɗigo-ɗigo, bugun ya fito da zanzana. Na ɗiga mata gilisarin don ta yi kauri ta daɗe a soso. Ta kama robar, amma gilisarin yana jan laima daga iska, washegari ma tana manne wa yatsa. Dama an yi ta ne don a wanke allo a sake rubutu, ba laifinta ba ne. Da alƙalamin kara zan yi amfani da ita wajen sa hannu a cikin katunan da za su tafi gida, can ba ruwan nama.

Sauran biyu na saye su wurin wata mai kayan zane a Instagram. Memento tawadar rini ce, tana nutsewa cikin takarda nan take, launinta yana ɗan dusashewa in ta bushe, faffaɗan wuri kuma ba ya cika sosai. VersaFine mai gari ce a cikin mai, tana zama a fuskar takarda, ta fi kowacce fitar da gibin dagin nan, kuma in ta bushe ruwa ba ya motsa ta. Ita ta ci jarrabawar nama. Aibinta biyu: tsada, da kuma jira. A wannan yanayi in na ɗora kati a kan kati da wuri, bayan na sama yana ɗaukar inuwar na ƙasa.

Kitse dai ba tawadar da ta iya masa, domin takardar yake ci, ya bar tabo mai haske. Dole kowane katin nama ya shiga 'yar farar leda tasa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ruwa tun asuba. Takardun da na bari a kan tebur sun yi doro. Na kwashe su cikin bokiti mai murfi, na zuba 'yan ƙullin tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, na ɗora babban ƙamus a kai. Ba a buga komai ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Gwaggon Baban yara ta zo daga Idi-Araba. Na shimfiɗa mata samfur a kan tabarma ina jiran yabo. Ta ɗauki ɗaya ta nisanta shi da ido ta karanta a hankali.

"Ke 'yar nan, wannan a jikin ledar nama za ki liƙa?"

"Eh Gwaggo, a cikin tasa ledar."

"Da sunan Allah a jiki? An ci nama an jefar da leda, katin ina za shi? Gobe ki gan shi a kwata ana takawa."

Ba ni da amsa, don na san kwatar layinmu in an yi ruwa. Muka tsaya a kan haka: katin maƙwabta "Barka da Sallah" a waje, "Daga maƙwabtanku" a ciki, sai lambar ɗakinmu da biro. Hatimin addu'a ya koma na katunan gida kawai, inda na san wace tsohuwa za ta soke shi a bayan madubi, wane tsoho zai sa shi cikin littafi. Ta tambaya ko akwai hoton rago, na ce babu. Ta ce madalla. Ita dalilinta zanen mai rai ne. Ni dalilina raguna sun ishe mu a waya, kuma nan da 'yan makonni duk titin Agege su ne.

Da yamma na hau sama wurin Alhaja mai gidanmu. Su Yarbawa Ileya suke ce wa Babbar Sallah, gaisuwar kuma "Ẹ kú ọdún". Na ce ta rubuta mini da hannunta yadda ya kamata, da ɗigon ƙasa da alamun sama, ta rubuta a bayan takardar kuɗin wuta. Ta ce "Barka da Sallah" ma kowa ya sani a Legas, har 'yan coci, ba sai na wahala ba. Gaskiyarta, amma zan yi. Mutum ya buɗe kati ya ga harshensa an rubuta shi daidai, wannan daban ne. Gajere ne, zan gwada yanka shi da kaina maimakon komawa Shomolu, duk da ɗigon ƙasan nan ƙanana ne ƙwarai.

Asabar, 17 ga Mayu

An fara bugu na sosai.

Kafintan bakin layi ya yanko mini 'yan katakai masu daidaitattun kusurwa, na manna kowane hatimi a nasa, na buga hotonsa a bayan katakon don in san sama da ƙasa. Ya kuma kafa mini sanda biyu a kan falanki suka yi kwana. Kati yana shiga kwanar ya tsaya, katakon hatimi yana jingina da wata sanda da nake matsarwa, sai ya sauka a wuri ɗaya kowane lokaci. Ba don wannan ba, kati 150 da ido kawai, rabi za su karkace. Wani amfanin kuma, in bugu bai cika ba ana iya sake shafa tawada a sauke a kan na farko daidai, ba tare da ya yi inuwa biyu ba.

A ƙarƙashin katin akwai jarida mai ninki da yawa. Tebur tsurarsa ya yi tauri, tsakiyar zane ba ta kamawa. Hatimin nake kwantarwa fuskarsa sama, in ɗauki soson tawada ina ɗan taɓa shi a kai a hankali har ko'ina ya yi sheƙi, ba a nutsa hatimi cikin soso. Wajen bugu a tsaye nake, tafin hannu biyu, nauyin jiki ya sauka a miƙe. Kada a jijjiga. Jijjigawa ita ke sa gefen kilinar da ba a so ya taɓa takarda, ya bar ɗan baƙin layi a kusa da zane. Inda na ga irin wannan yana maimaituwa, na koma da wuƙa na ƙara zurfafa wurin.

Launi biyu ne. Dagi shuɗin baba, zanko jan ƙasa. Shuɗin na zaɓe shi da gangan: mutumin Kano zai tuna marinar Ƙofar Mata, Alhaja kuma da ta gani cewa ta yi launin adire ne na Abeokuta. Launi ɗaya nake bugawa a rana, su kwana a baje, washegari a sa na biyu. Gado, kujeru, saman firij, ko'ina kati ne. Yara sun koyi tafiya a gefe-gefe.

Ninki sai bayan komai ya bushe. 'Yata ke ja layi a daidai milimita 105 da biron da tawadarsa ta ƙare, tana bin rular ƙarfe, sannan ta ninke ta goge da bayan cokali. Takarda mai kaurin nan in aka ninke ta ba a ja layin ba, bayanta yana fashewa.

Asabar, 24 ga Mayu

An buga waje da ciki na kusan kashi biyu cikin uku. Na ɗauki kwana biyu na gwada zinariya mai tudu, wadda ake yi da gari. Ana buga zanen da tawada marar launi mai danƙo, VersaMark, a barbaɗa garin a kai, a karkaɗe, abin da ya manne ya manne. Sai a ba shi zafi ya narke ya kumbura ya yi sheƙi.

Wata ƙawata ta ba ni aron na'urar hura zafin da aka kawo mata daga Amurka. Na duba jikinta, ta wutar 120 ce, tamu kuwa 230, in na soka ta kai tsaye ta ƙone, ba ni da na'urar rage wuta. Abin busar da gashi ba ya yi, iskarsa ta fi zafinsa yawa, garin yake watsarwa. Dutsen guga ya fitar da ni. Na kafa shi a kife tsakanin bulo biyu fuskarsa sama, na riƙe katin da matsefin shanya a ɗan sama da shi. Zafin yana ratsowa ta ƙasa, ana kallo garin yana juyewa daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, daga yashi-yashi zuwa ruwan zinariya. Da ya gama juyewa a janye, in an ƙara jira takarda ta yi rawaya ta lanƙwashe.

Laima ta sake shigowa a nan ma. Duk inda yatsa ya taɓa katin, garin yana kamawa, in ya narke sai a ga ɗige-ɗigen zinariya a inda ba a gayyace su ba. Maganinsa a ƙulla hodar jarirai a tsohuwar safa a shafe fuskar katin kafin bugu, abin da ya rage a ɗauke da siririn buroshi kafin a kai wuta.

Yara sun ce wannan ya fi kyau, a yi duka haka. Ni ban yarda ba. Zinariyar tana cike gibin saƙar, dagin ya koma dunƙule mai walƙiya, irin katin da za a saya a kowane shago. Jinjirin wata kawai zan yi wa, shi ma a katunan dattawan unguwa da limaminmu, guda 20. Ga shi kuma aikin yana jiran NEPA.

Laraba, 28 ga Mayu

Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, yau 1 ga Zulhijja 1446, Sallah ranar Juma'a 6 ga Yuni. Hatimin kwanan wata dama na Hijira na yanka, "10 Zulhijja 1446", wanda ba ya jiran sanarwar kowa, yana bayan kowane kati a ƙasa. Abin da sanarwar ta canza shi ne masu tafiya gida sun fara ɗaure kaya, saboda haka katunan Arewa ne a gaba.

"Ẹ kú ọdún" ya fito. Ɗigon ƙasan ọ ya ɓalle wajen wankewa, yanzu da bakin biro nake ɗiga shi ɗaya bayan ɗaya. Alhaja ta duba ta ce ya yi.

Litinin, 2 ga Yuni

Katunan gida sun tafi jiya da ƙanen Baban yara. Na jera su a kwalin takalmi, na naɗe da leda biyu saboda ruwan hanya, na rubuta sunan kowane gida a ambulan, na Gwaggon Funtuwa da ajami don ita boko ba ta dame ta ba. Na ja masa kunne kada ya ɗora buhu a kai. Ya ce "To Yaya", irin amsar da ba ta kwantar mini da hankali ba.

Hatimin dagi ya fara gajiya. Kusurwa ɗaya ta guntule, layukan tsakiya sun yi faɗi saboda yawan danna, gibin yana cikewa da tawada. Wanke shi da ruwan sabulu mai sanyi da barinsa ya huta yana taimakawa na ɗan lokaci. Ragowar katunan maƙwabta kusan 30 ne, ba zai kai su ba, daren nan zan yanka sabo daga zanen da na ajiye. In aikin zai ci gaba bayan Sallah, dagin ma gara in kai wa dattijon Shomolu ya zuba mini shi a roba, in bar kilina ga ƙananan zane. Matar ɗaki na ƙarshe ta riga ta tambaya ko zan yi mata katin suna a watan gobe. Na ce sai na zauna na lissafa abin da tawada da takarda suka ci tukuna, don har yanzu ban haɗa rasit ɗin ba.

Saura ledojin sakawa, ban samu daidai girman katin, wato A6, a kasuwar Agege ba, waɗanda ke akwai na ƙulla gyaɗa ne, sun yi laushi. Baban yara zai duba a Mile 12 gobe, in babu 'yata ta je Oshodi ranar Laraba. Zinariyar jinjirin wata saura guda takwas, an ɗauke wuta tun azahar.